Kamus Ya San Kalma, Bai San Mai Faɗinta Ba

Da yawa daga cikinmu mun taso da Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, wanda ya fito a 1965, wasu kuma sun ci moriyar na Roxana Ma Newman na 1990. Ayyuka ne nagari, ba mai musu. Sukar da nake yi ita ce, irin wannan kamus yana gaya maka ma'anar kalma, amma ba ya gaya maka wanda ke da hurumin faɗinta, da wanda ake faɗa wa. A nan Greensboro kuwa, wannan ɓangaren da aka bari shi ke jawo wa baƙo rigima.

Mu ɗauki kalmar "boy". Kamus zai ce maka yaro, kuma bai yi ƙarya ba. To amma a wurinmu yaro ba zagi ba ne. Magidanci mai mata biyu da furfura zai bugi ƙirji a Kantin Kwari ya ce shi yaron Alhaji ne, har ma yana alfahari. A Kudancin Amurka kuwa, tun zamanin bauta har zuwa zamanin dokokin wariya, farar fata kan kira baƙin mutum "boy" ko da ya haife shi, don dai ya nuna masa bai kai mutum ba. Shi ya sa masu kwasar shara da suka yi yajin aiki a Memphis a 1968 suka ɗaga alluna suna shelar cewa su cikakkun mutane ne. Maganar ta je har Kotun Ƙoli a 2006, a ƙarar da wasu baƙaƙen ma'aikata suka kai kamfanin Tyson Foods daga Alabama, inda alƙalai suka ce kalmar ita kaɗai tana iya zama shaidar wariya, gwargwadon muryar mai magana, da al'adar wurin, da tarihi. Wato kotu ta faɗi abin da kamus ya yi shiru a kai. Abin mamaki, mu ma mun taɓa ɗanɗana ɗacinta. Daga ina muka samo boyi-boyi in ba daga gidan Bature ɗan mulkin mallaka ba?

Haka "uncle" da "aunt". Mu girmamawa muke yi, kamar a ce Kawu ko Gwaggo. A nan an daɗe ana kiran tsofaffin baƙaƙe da su don a guje wa ce musu "Mister" ko "Mrs". Wannan tarihin ne ya sa shinkafar Uncle Ben's ta koma Ben's Original a 2020.

Akwai kuma masu daɗin ji. In tsohuwa 'yar Karolaina ta ce maka "bless your heart", kada ka yi saurin cewa amin. Wani lokaci tausayi ne na gaske, wani lokaci habaici ne, tamkar dai yadda gwaggonka za ta dube ka ta ce "Allah sarki" bayan ka tafka shirme.

Wadda ta fi damuna ita ce kalmar nan mai farawa da harafin N, wadda ba zan rubuta ba. Wasu samarinmu sun kwaso ta daga waƙoƙin gambarar Amurka tun suna gida, suna jifan juna da ita a matsayin wayewa. Hujjarsu ita ce ai mu ma baƙaƙe ne. Gaskiya ne, amma su kansu jikokin bayin ba su daidaita a kanta ba. Ƙungiyar NAACP har jana'izar kalmar ta yi a Detroit a 2007. A ganina, wanda ya sauka jiya da bizar karatu bai kamata ya tsoma baki a gadon da magada ke jayayya a kai ba.

Inda na ga an yi aikin da ya fi na kamus shi ne wajen masu fassarar labarai a rediyo, da suka mayar da "sit-in" zaman dirshan. A wannan garin namu kalmar ta yi suna, ranar 1 ga Fabrairu 1960, lokacin da ɗalibai huɗu 'yan shekarar farko daga A&T suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth da ke titin Elm, aka hana su ko da kofin gahawa, su kuma suka ƙi tashi. Sai a watan Yuli na shekarar kantin ya sakko. Dirshan ta kamo taurin kan, ta kamo zaman da ba ranar tashi, har kana ganin mutum ya miƙe ƙafa. Abin da ta rasa shi ne kujerar kanta, wadda aka haramta wa mai zaman. Tun 2010 kantin ya zama gidan tarihi, kuma teburin yana nan inda yake.