Sunan da Magatakarda ya Raɗa: Nazari kan Aikin Ƙungiyar CM98

Abin da za mu duba a wannan ɗan rubutu shi ne aikin binciken asali na wata ƙungiya ta ƴan tsibiran Gwadalup da Martinik mazauna Pari, wato CM98. An kafa ta a 1999 ƙarƙashin jagorancin likita Serge Romana, bayan jerin gwanon shiru da aka yi ranar 23 ga Mayu 1998 domin tunawa da kakannin da aka bautar. Ƴan sa-kai na ƙungiyar sun bi kundayen da aka buɗe bayan hana bauta a 1848, sun kwafe sunayen da ke ciki, suka fitar da littafi 2: Non an Nou (2010) na Gwadalup, da Non Nou (2012) na Martinik. Duka biyun ma'anarsu «sunayenmu». Ɗalibin harshe zai lura a nan da bambancin Kiriyol na tsibiran: na farko yana sa mahaɗi tsakanin abu da mai shi, na biyu yana jera su kawai.

Sai mun fahimci yadda aka sami kundayen kafin mu yi hukunci. Bawa ba shi da sunan zuri'a. Abin da yake da shi sunan baftisma ne, sau da yawa da laƙabi, sai lambar da dokar 1839 ta ɗora wa kowane bawa. Da dokar 27 ga Afrilu 1848 ta zo, sai ya zama dole a bai wa kowa suna irin na ɗan ƙasar Faransa, kuma a Gwadalup kaɗai mutanen sun kai wajen 87.000. Ma'aikatan gidan magajin gari ne suka yi aikin, shekara da shekaru. Umurnin da ya zo daga Pari ya ba su shawarar su riƙa juya haruffan kalmomi don sunaye su yawaita, kamar a ɗauki Marie a mai da shi Eiram. Zaurance ke nan, amma na hukuma, mai hatimi. Wasu sunayen an ɗebo su daga tarihin Girka da Rum, wasu daga taswira, wasu daga sunan baftisman mutumin, wasu kuma izgili ne tsagwaronsa. Édouard Glissant ya siffanta irin wannan zama na raɗin suna a cikin Le Quatrième Siècle (1964).

Ba mu da ja game da amfanin aikin. Kundin da hukuma ta rubuta don ƙidayar mutane ya koma hannun jikokinsu, har wanda a da yake jin kunyar a ce kakarsa baiwa ce ya iya tsayawa gaban jama'a ya kira sunanta. Wanda ya taɓa zama yini guda yana warware rubutun hannu na ƙarni na 19 ya san wahalar da aka sha.

Inda muke da magana shi ne ƙofar shiga. Mai neman asalinsa, ko a littafi ko a taskar Anchoukaj da ƙungiyar ta buɗe a intanet, da sunan zuri'arsa yake farawa, domin shi ya sani. Amma a cikin duk abin da takardar ta ƙunsa, wannan sunan ne mafi ƙarancin shekaru, kuma galibi ba daga bakin mai shi ya fito ba. Abin da ya girme shi, wato laƙabi, da wurin haihuwa, da gandun da mutum ya yi bauta, da sunan uwa, sai ya koma bayanin gefe. Ita kanta kalmar «patronyme», sunan uba, tana ɓad da sawu: tun dokar bayi ta 1685 ɗa matsayin uwarsa yake bi, kuma a kundayen sau da yawa mace ce aka rubuta da ƴaƴanta aka ba su suna ɗaya. Salsalar da aka gina kan layin maza, irin ta ƙungiyoyin asali na lardunan Faransa, ba ta dace da wannan ba.

Akwai kuma hasarar da ta shafi sana'armu kai tsaye. Magatakarda ba ya ƙago suna ɗai-ɗai; daga jeri yake ɗebowa. In yau littafin tarihi ne a gabansa, mutanen da suka biyo juna a layi za su fita da sunayen da suka biyo juna a littafin. Da zarar an ciro suna daga ranarsa da garinsa an jera shi bisa haruffa, wannan shaida ta ɓace, sunan ya tsaya shi kaɗai yana jiran wanda zai ba shi ma'ana. Mai ba da ma'ana kuwa ba ya wuya. Sha'awar a ce suna daga Afirka ya zo tana da ƙarfi, kuma muna ganin dalilinta; tabbas akwai sunayen Afirka da suka tsira, kamar sunayen rana na Akan, Kwasi da Kofi, da aka sani a Jamaika, masu kama da tsarin Ladi da Talatu da Jummai a wurinmu. Sai dai kamannin sauti ba hujja ba ne.

A nan mu ƴan Nijar muna da abin cewa, domin alƙalamin da ya rubuta waɗancan sunaye shi ya rubuta namu. Rubutun Faransanci ba ya riƙe karin sauti, ba ya riƙe tsawon wasali, ba ya rarrabe k da ƙ ko d da ɗ. Da shi Maraɗi ta zama Maradi, Tawa ta zama Tahoua, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi, kuma «gado» na kwanciya da «gado» na magada ba su da bambanci a takarda. In haka ta faru ga harshen da masu shi ke raye suna iya gyara wa mai karatu, ina ga suna mai gaɓa 2 da kunnen baƙo ya ji sau ɗaya a 1848? Suna irin wannan ana iya samo masa uwa a Hausa, a Yarabanci, a Kikongo, duk a rana ɗaya. Ko kasancewar an ambaci «Aoussa» cikin ƙabilun bayi a takardun Saint-Domingue, Haiti ta yau, ba ta ba kowa izinin ya kira wani suna na Gwadalup Bahaushe ba. Wani tsibiri ne, wani zamani ne.

Kafin a danganta suna ga wani harshen Afirka, a ganinmu sai an cika sharaɗi 3: takardar ta nuna an haifi mutumin a Afirka ko uwarsa daga can take, sunayen da ke gabansa da bayansa a wannan rana ba su nuna jeri ko juyin haruffa ba, kuma an sami sunan a matsayin laƙabi a wata takarda da ta riga 1848, kamar lissafin dukiyar gandu da ake yi gaban notar. Sharaɗi na biyu ba ya buƙatar sabon kwafi: lambar takarda da rana da gari suna cikin kundayen, sai dai a sake jera abin da ƴan sa-kai suka tara bisa tsarin da magatakarda ya bi, shafi bayan shafi.