Layin Peco da Wayoyin DCC: Ni Dai Na Kamu

Ku bari in faɗa tun ba a tambaye ni ba: a duk harkar nan tamu ta ƙananan jiragen ƙasa, babu abin da ya shiga raina kamar sandar layin Peco Streamline. Ka zaro ta daga kwali, doguwa, siririya, yadi guda cif, wato milimita 914, ƙarafanta biyu na nikel-silba sai ƙyalli suke, 'yan gungumen ƙarƙashinta kowanne da zanen jijiyar katako kamar yau aka sassaƙa shi, ka lanƙwasa ta a hankali ta bi hannunka kamar tsumagiya. Kai, madalla!

A ƙauyen Beer da ke gaɓar teku a yankin Devon na Ingila ake ƙera ta, kuma kamfanin yana nan tun 1946. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 16.5 ne, don haka jiragen HO masu ma'aunin 1:87 da na OO masu 1:76 duk suna hawa. Ranar da na raba milimita 1,435, faɗin layin Abuja zuwa Kaduna, gida 87, na ga ya faɗo kan 16.5, sai da na tashi tsaye don murna. Ashe dogon gida nake shimfiɗawa a kan teburi! Mai son tsohon layin Legas zuwa Kano kuwa, mai milimita 1,067, layin HOm na milimita 12 ne ya fi kusa da shi, shi ma Peco na yi.

Na san akwai 'yan Code 75, wato Streamline mai gajeren ƙarfe, a cikinku, kuma ban musa ba, ya fi kama da na gaske a ido. Amma ni ɗan Code 100 ne, ba na ɓoyewa. Ƙarfensa ya fi tsayi, kusan milimita biyu da rabi, tsoffin taragai masu zurfin leɓen taya suna wucewa sumul ba tare da sun daki gungume ba. Na shimfiɗa nawa a kan filawud, na sa kok a ƙasa don ya shanye ƙara, na zuba tsakuwa, na ɗiga farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa rabi da rabi, da ɗigon sabulun wanke kwano don ya ratsa. Gari na wayewa ya kama tamau. Abu ɗaya dai, a bar ɗan tsaga a mahaɗar sanda da sanda, domin ƙarfe na miƙewa idan zafin bazara ya kankama.

To amma wayoyi, 'yan uwa, nan ne daɗin yake. Wanda ya yi zamanin DC ya san wahalar: bolt 12, ka yanka layi gida-gida, kowane gida da makunninsa, jirgi biyu kawai za ka tuƙa amma ƙarƙashin teburi ya koma saƙar gizo-gizo. Sai DCC ya zo, fasahar da kamfanin Lenz na Jamus ya assasa, ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da ita ƙa'idar kowa. Wuta na kan layi kullum, umarni na bin cikinta, kowane kan jirgi da 'yar dikodarsa da lambarsa. Kowace sabuwar dikoda da lamba 3 take zuwa, kuma har yau idan na canza wa sabon kai lamba, na kira shi ya amsa shi kaɗai sauran na tsaye, tsigar jikina sai ta tashi.

Masu talla na cewa waya biyu kawai DCC ke buƙata. Gaskiya ne, amma biyun nan iyaye ne, kuma suna da 'ya'ya rututu. Uwar waya ja da uwar waya baƙa, masu kauri, suna zagaye ƙarƙashin teburi, daga kowace sanda kuma 'yan siraran wayoyi biyu, diropa, su sauko su kama su. Kada ka dogara da 'yan ƙarafan haɗa layi su kai maka wuta, yau da gobe sai sun saki. Ni kowace sanda sai na like mata nata da dalma, a ƙasan ƙarfen inda ido ba ya gani. Ka goge wurin, ka shafa fulas, ka taɓa da bakin ayan mai zafi daƙiƙa biyu, dalmar ta malale ta yi sheƙi kamar azurfa. Ka daɗe, gungumen roba ya narke. Ja a ƙarfen gaba, baƙi a na baya, tun daga tasha har ƙarshen layi, mitar gwada wuta kuma na hannunka kana gwadawa.

Sai mararraba, sarauniyar teburi. Wurin da ƙarafa biyu ke haɗuwa su yi tsini, Turawa kwaɗo suke ce masa, kuma a mararrabar Peco samfurin Electrofrog kwaɗon nan ƙarfe ne zalla mai ɗauke da wuta. Sharaɗinsa ka sa mahaɗan roba a ƙarafa biyun da suka fito daga tsinin, in ba haka ba shot nan take. Ka cika sharaɗin, ka sako ɗan ƙaramin kan jirgi mai taya huɗu, ka rage gudu har ya koma tafiyar hawainiya, ka kwantar da kai daidai da layi ka kalla: yana ratsa mararrabar a natse, a hankali, cikin isa, fitilarsa ko ƙiftawa ba ta yi. Na fi sau ashirin ina maimaita wannan a daren farko.

Ƙorafina biyu ne. Kuɗin kawo kaya daga waje na cin aljihu, ƙurar hunturu kuma ba ta raga wa layi, kwana biyu ka bar shi a buɗe jirgi ya fara sarƙewa. Tsumma mai laushi da ɗan sifirit ke magance ta, sai mayafin rufe teburi.

Wanda ke shirin kafa teburinsa a bana, ya sayo Streamline, ya sayo waya ja da baƙa da yawa, kuma don Allah kada ya zuba tsakuwa sai ya gwada kowace sanda da mita.