Ramuwa da Afuwa a Majigi: Tarken Fina-finan Camp de Thiaroye da Daratt

Gabatarwa

Manazarta adabi sun daɗe da karɓar fim a matsayin reshe na wasan kwaikwayo, domin yana da jigo da zubi da taurari da salo, waɗanda duk ana iya ɗora su bisa ma'aunin tarke. A wannan maƙala mun ɗauki fina-finai biyu masu zaman kansu, wato waɗanda ba manyan kamfanonin kasuwa ne suka ɗauki nauyinsu ba, don mu ga yadda kowanne ya amsa tambaya guda: idan yaƙi ya ƙare, kuma hukuma ta ƙi yin adalci, me ya rage wa wanda aka zalunta?

Camp de Thiaroye

Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow na ƙasar Senegal suka shirya wannan fim a 1988, da kuɗin Senegal da Aljeriya da Tunisiya. Tushensa tarihi ne. Ranar 1 ga Disamba, 1944, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka ta Yamma da suka yi wa Faransa yaƙi har suka sha zaman fursuna a hannun Jamusawa, saboda sun nemi a biya su haƙƙinsu. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, amma masana tarihi da dama na ganin adadin ya kai ɗaruruwa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya amince a rubuce cewa kisan kiyashi ne.

Ƙarfin fim ɗin yana wurin wani tauraro mai suna Pays, sojan da azabar sansanin Buchenwald ta ɗauke masa magana, yake yawo da hular kwanon sojan Jamus. Shi kaɗai ya gane cewa wayar da aka kewaye su da ita a Thiaroye ba ta da bambanci da wadda ya baro a Turai. Da 'yan uwansa suka tsare janar, ya yi musu alkawarin biya, suka sake shi suka shiga rawa, Pays ne ya hango tankokin yaƙi daga hasumiya cikin dare. Ya yi ta ishara, aka ɗauka haukarsa ce. Ke nan mai shirin ya damƙa gaskiya a hannun wanda ba shi da harshen faɗinta, kuma wannan dabara ta fi duk dogayen jawaban Saja Diatta ratsa zuciya. Haka nan gurɓataccen Faransancin da sojojin ke magana da shi yana nuna yadda mulkin mallaka ya haɗa ƙabilu daban-daban a kan harshen da ba nasu ba.

Inda fim ɗin ya yi rauni shi ne wajen gina taurarin Turawa. Ban da Kyaftin Raymond, sauran hafsoshin kamar a tukunya ɗaya aka dafa su, mugunta zalla ba tare da wani saɓani a zuci ba. Wannan ya rage wa mai kallo damar fahimtar yadda mutum mai hankali ke kai wa ga ba da irin wannan umurni.

Daratt

Mahamat-Saleh Haroun na ƙasar Chadi ya fitar da Daratt a 2006, kuma kamar na Sembène, shi ma ya sami lambar yabo ta musamman ta alƙalai a bikin fina-finai na Banis. Labarin ya fara ne da sanarwa a rediyo cewa an yi wa duk masu laifin yaƙin basasa afuwa. Nan take wani tsoho makaho ya miƙa wa jikansa Atim, ɗan shekara 16, bindiga, ya tura shi Injamena ya kashe Nassara, mutumin da ya kashe mahaifinsa tun kafin a haife shi. Atim ya tarar da Nassara ya zama mai gasa burodi, yana zuwa masallaci, yana raba wa yara sadaka, kuma ba ya iya magana sai da wata na'ura da yake dannawa a maƙogwaro. Yaron ya shiga aiki a ƙarƙashinsa da bindiga a ɓoye.

Salon Haroun na ƙarancin magana ne. Ba a nuna mana fagen fama ko sau ɗaya, amma yaƙin yana nan cikin yadda mutanen biyu ke kwaɓa ƙullu suna hararar juna. Hannun da aka aiko ya ɗauki rai yana koyon yin abin da ke ciyar da rai, har maraya ya fara samun abin da ya rasa na uba a wurin wanda ya mai da shi maraya. Da Nassara ya nemi ya riƙe shi a matsayin ɗa, sai Atim ya kai shi cikin hamada gaban kakansa, ya harba bindiga sama. Makaho ya ji ƙara, ya gamsu cewa an rama.

A nan ne muke da ja. Wannan ƙarshe yana da daɗin kallo, amma zaman lafiyar da ya kawo an gina shi ne a kan yaudarar makaho. Nassara bai gurfana gaban kowa ba, kuma nauyin da ya kamata hukuma ta ɗauka an ɗora shi a kan yaro. Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. A ganinmu Haroun ya cike wannan giɓi a 2016, lokacin da ya shirya fim na gaskiya a kan mulkin Hissène Habré na 1982 zuwa 1990, ya bar waɗanda aka azabtar suka yi magana da bakinsu. A wannan shekarar ce wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai.

Kammalawa

Idan muka jera fina-finan biyu, za mu ga Sembène ya dage a kan tunawa da kiran laifi da sunansa, Haroun kuwa ya dage a kan yanke sarƙar ramuwa. Kowanne ya riƙe rabin amsa ne, domin afuwar da ba a fara da bayyana gaskiya ba rufe miki ne da ruɓa a ciki. Ya kamata kuma mu lura cewa kuɗin Daratt daga Turai mafi yawansu suka fito, abin da ke sa a yi hattara da kalmar zaman kai.

Wannan batu bai yi nisa da mu ba. Tun daga 2016 gwamnatin Nijeriya ta buɗe shirin karɓar tubabbun mayaƙan Boko Haram, kuma a garuruwan yankin Tafkin Chadi akwai marayun da za su haɗu da irin su Nassara a kasuwa da masallaci. Muna kira ga marubutanmu masu tasowa da su tunkari wannan jigo, su ba wa wanda aka zalunta murya, su kuma gina azzalumi a matsayin mutum mai rai da tunani, don mai karatu ya gane yadda ɓarna ke somawa.