Ƙofofin Marsandi 300 SL ba burga ba ce

Masu sukar Marsandi 300 SL suna da magana ɗaya da ba sa gajiya da ita: wai ƙofofinta masu buɗewa sama ado ne kawai, an yi su don a ja hankalin attajiran Amurka. Wannan hukuncin wanda ya tsaya ga hoto ne, bai leƙa ƙarƙashin bodi ba.

Asalinta motar tsere ce ta 1952, wadda injiniya Rudolf Uhlenhaut ya jagoranci ƙerawa, ta kuma lashe gasar sa'a 24 ta Le Mans a Faransa da tseren Carrera Panamericana. Max Hoffman, dillalin Marsandi a Amurka, shi ya matsa wa kamfanin ya fitar da ta titi. Aka baje ta a New York a Fabrairun 1954, zuwa 1957 an ƙera 1,400.

Matsalar Uhlenhaut ita ce injin da ya gada daga babbar salun 300 yana da nauyi, don haka dole sauran motar ta yi shafal. Sai ya bar shasi irin na da, ya haɗa siraran bututan ƙarfe da walda, kowane uku suna kulle juna a kusurwa. A irin wannan haɗi, bututu ko dai a ja shi ko a danne shi, ba a lanƙwasa shi, shi ya sa siriri ma yake ɗaukar kaya. Duk ƙashin motar tseren bai fi kilo 50 da wani abu ba. Amma ƙarfinsa yana gefe ne, inda bututan suka hau sama kamar haƙarƙari, daidai wurin da ƙofa take zama. Ka yanke nan, ka karya motar. Ina ƙofa za ta rataya ke nan? Rufi kaɗai ya rage.

Daga wannan shawara guda sauran suka biyo. Dokin ƙofar ya yi tudu da faɗi, sai direba ya zauna a kansa tukuna ya jefa ƙafafu ciki. Don gwiwa ta samu hanya, aka yi sitiyarin da yake karyewa ƙasa. Gilashin ba a murza shi ya sauka, domin ba inda zai shige. Cire shi ake yi. Ko injin an kwantar da shi gefe don bonet ya yi ƙasa, aka kuma ba shi famfon Bosch mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda a madadin kaburato, ya kai ƙarfin doki 215.

Cikinta na da zafi, gaskiya ne, bayanta kuma kan zame a kwana idan direba bai ƙware ba. Masu fifita buɗaɗɗiyar da ta gaje ta a 1957 da wannan suke kafa hujja. To, an gyara aksul ɗin baya, amma sai da aka sauko da gefen ƙashin, aka ƙara nauyi, kafin ƙofa ta koma irin ta kowa. Ni na fi ganin darajar ta farko, wadda duk abin da ido ya gani a jikinta akwai dalilinsa a ciki. DeLorean ta 1981 ma ƙofarta sama take buɗewa, alhali shasinta a tsakiya yake, babu bututu ko ɗaya a gefe da ya tilasta mata.