Suna Ɗaya, Wasa Biyu: Tarken Fitowar Super Mario Bros. 2

Manufar wannan takarda ita ce a duba dangantakar da ke tsakanin fitowa daban-daban na wasan bidiyo guda, a kuma nuna cewa suna da lamba ba su isa hujja ba wajen tabbatar da salsala. Masu nazarin tsofaffin littattafai sun san wannan matsala, wato a sami kwafi biyu masu suna ɗaya, amma cikinsu ya sha bamban.

A 1985 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Super Mario Bros. A 1986 ya biyo da Super Mario Bros. 2, a Japan kaɗai. Idan muka dubi zubi da tsarinsa, za mu ga na farkon ne aka tsananta: ga laimar kwaɗi mai guba, ga iska mai ture ɗan wasa, ga bututun da ke mai da mutum baya. Reshen kamfanin na Amurka ya ga wahalar ta yi yawa, bai fito da shi ba. Sai aka ɗauko wani wasa na 1987, Doki Doki Panic, wanda aka shirya tare da gidan talabijin na Fuji, aka cire taurarinsa huɗu masu shigar Larabawa, aka sa Mario da Luigi da Gimbiya da Toad a gurbinsu. Shi aka sayar a Amurka a 1988 da sunan Super Mario Bros. 2.

To, wanne ne magajin na farko? An saba cewa na Japan ne ɗan halas, na Amurka kuwa bare ne da aka yi wa aron riga. A ganina wannan hukunci yana da rauni. Gaskiya ne salon ya sauya, domin a na 1988 taka abokin gaba ba ya kashe shi, sai an tuge kayan lambu an jefe shi. Amma gida ɗaya ya haifi duka biyun, har ma Koji Kondo ne ya tsara kiɗansu. Abin lura kuma shi ne, halittun baren, irin su Shy Guy da Birdo da Bob-omb, su ne suka zauna daram a wasannin da suka biyo baya. Na 1986 kuwa, ban da ƙarin wahala, kaɗan ya bari.

Daga baya sunayen suka sake cuɗewa. A 1992 na Amurka ya koma Japan da sunan Super Mario USA. A 1993 na Japan ya isa Amurka cikin Super Mario All-Stars, an sabunta masa zane da sauti, an laƙaba masa The Lost Levels, alhali kuwa a Japan bai taɓa ɓata ba. Saboda haka duk mai tarken da ya rubuta "Mario na biyu" bai ambaci ƙasa da shekara da na'ura ba, mai karatu a Tokyo da mai karatu a New York wasa daban kowannensu zai fahimta.