Fim ɗin 'Tetris': Ina ruwan wasan bulo da tseren mota?

Duk wanda ya taɓa riƙe 'yar gem ɗin nan ta bulo mai batir, wadda ta cika kasuwanninmu a da, to ya san Tetris ko da bai san sunansa ba. Siffofi bakwai ne ke faɗowa daga sama, kai kuma kana juya su kana jerawa, layin da ya cika ya ɓace. Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙire shi a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, a kan kwamfutar gwamnati mai suna Electronika 60.

Tarihin wannan wasa ne darakta Jon S. Baird ya mayar fim a 2023, inda Taron Egerton ya fito a matsayin Henk Rogers, ɗan kasuwar da ya shiga Mosko a 1989 da bizar yawon buɗe ido don nema wa Nintendo haƙƙin wasan. Egerton ya yi ƙoƙari, ba laifi. Wuraren da suka fi armashi su ne na ofishin Elorg, hukumar Tarayyar Sobiyet mai kula da cinikin, inda ake ta kai-komo tsakanin Rogers da Robert Stein da Kevin Maxwell, kowa a ɗakinsa, ana tsefe yarjejeniya kalma-kalma. Wai shin "kwamfuta" ta haɗa da na'urar wasa da ake jonawa a talbijin? A kan wannan tambaya miliyoyin daloli suka rataya.

To amma sai darakta ya raina mai kallo. Ya cusa tseren mota da jami'an KGB a ƙarshe, abin da bai faru ba sam. Haba malam!

Alhali ga nama a tarihin kansa. Kamfanin Tengen ya fitar da nasa Tetris ɗin na NES a Mayun 1989, kotun Amurka ta hana sayar da shi bayan 'yan makonni. Na Game Boy kuwa ya kai kwafi miliyan 35. Shi Pajitnov fa? Bai fara karɓar kasonsa ba sai 1996, da suka kafa The Tetris Company shi da Rogers. Marubucin da ya taɓa sayar wa ɗan kasuwa littafinsa ɗungurungum ya san wannan ciwo. Shekara goma mutum na kallon wasu suna cin guminsa, amma fim ɗin ya fi damuwa da bashin bankin da ke kan Rogers.