Gaɓa ko ɗan ƙungiya? Sharhi a kan kalmar « membre »

Daga cikin kalmomin da ɗalibi ke haɗuwa da su tun farkon karatunsa na Faransanci akwai « membre ». A darasin jikin ɗan Adam tana nufin hannu ko ƙafa. A kundin dokokin ƙungiya kuwa tana nufin wanda ya ba da sunansa, yake biyan kuɗin wata. Ƙamus yakan jera ma'anonin biyu ya wuce, kamar dai katari ne ya haɗa su. Alhali akwai tunani na siyasa a bayan wannan gami, kuma ya kamata malami ya san shi.

Tushen kalmar shi ne « membrum » na Latinanci, wato gaɓar jiki. Daga gare shi Sifaniyanci ya sami « miembro », Italiyanci da harshen Fotugal suka sami « membro ». Abin lura shi ne, ba dukan waɗannan harsuna ne suka yarda da gamin gaba ɗaya ba. Italiyanci ya raba su a jam'i: « membra » su ne gaɓoɓin jiki, « membri » kuwa mutanen ƙungiya ne. Romaniyanci ma yana cewa « membre » ga gaɓoɓi, « membri » ga mutane. Faransanci bai yi wannan katanga ba, kuma daga nan ne wani babban marubucinsa ya sami hanya.

Marubucin tarihin Rum, Titus Libiyus, ya kawo labarin yadda talakawan birnin suka fice a shekara ta 494 kafin haihuwar Annabi Isa, saboda nauyin bashi da yawan fita yaƙi. Manya suka aika musu Meneniyus Agiripa, ya ba su misalin gaɓoɓin da suka yi wa ciki bore don wai ba ya komai sai ci, har jiki duka ya rame. A shekarar 1668 La Fonten ya sake tsara wannan labari cikin waƙa, ya sa shi na 2 a littafi na 3 na tatsuniyoyinsa, ya kuma kwatanta ciki da sarauta, a zamanin Luwi na 14.

Ba a musun gwanintar La Fonten wajen tsara zance. Amma hujjarsa tana jingine ne da kalma guda mai fuska biyu. Hannu ba ya zaɓen jikin da zai zauna a ciki, ba ya tambayar inda abinci ya shiga, kuma in aka yanke shi ya mutu. Talaka ba haka yake ba: yana da baki, yana da haƙƙi, yana iya tashi. Da zarar mai sauraro ya amince cewa shi gaɓa ne, to, an gama shari'ar tun kafin a buɗe ta. Tarihin kansa ya nuna iyakar misalin, domin talakawan Rum ba su koma da labari kaɗai ba, sai da aka ba su wakilai nasu masu ikon kare su daga hukuncin manya.

Esperanto, wanda Zamenhof ya fito da shi a birnin Warso a 1887 da burin ya zama harshen kowa, ya ɗauki « membro » da kayanta duka biyu. Wannan shaida ce ƙarama cewa harshen da ya ciro yawancin kalmominsa daga zuriyar Latinanci ya gaji har da tunaninta. Sai dai yana da wata ƙofa: ɗafin « -an- », wanda ke mayar da « urbo », birni, zuwa « urbano », ɗan birni. Kalmar « ano » ita kaɗai tana nufin ɗan ƙungiya, ba tare da ambaton jiki ba. A nan ne harshen ya fi kusa da burinsa.

Hausa ta bi wannan hanya ta biyun tun asali. Gaɓa ta jiki ce. Na ƙungiya kuwa « ɗa » ne: ɗan ƙungiya, ɗan majalisa, ƴan kwamiti. Har « mamba », wadda ta shigo ta Ingilishi daga wannan tushe na Latinanci, rabin ma'anarta kawai ta ƙetaro, domin ba wanda ke kiran ƙafarsa mamba. Misalin ɗa ma ba ya rasa nasa nauyi, tunda ɗa yana da uban da zai yi wa biyayya. Amma ɗa yana girma, yana da gado, ana kuma shawara da shi.

Don haka malamin da zai karantar da wannan tatsuniya kada ya tsaya ga darasin haɗin kai da aka saba ciro mata. Ya dace ya sa ɗalibai su fassara takenta zuwa Hausa, su ga da idonsu inda hujjar ke tsinkewa. Haka nan ƙungiyoyin da ke mayar da dokokinsu daga Faransanci: kafin su rubuta abin da ya wajaba a kan « membre », su fara yanke shawarar ko gaɓoɓi suke nema ko ƴaƴa.